Wasiƙa Daga Amurka: A Bar Ɗalibai Su Rubuta Wa Junansu Labari

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman malamanmu na jami'o'i da kwalejoji a gida.

Ina koyar da 'yan shekarar farko darasin karanta labarai da rubuta su a wata kwaleji a nan Amurka. Yawancinsu ba aikin jarida ya kawo su ba, wani likitanci yake so, wata lissafi. Shawarar da nake son mu yi da ku ita ce: wa ɗalibi yake rubuta wa? Idan malami kaɗai zai karanta, maki ɗalibin yake nema, zai cika takarda da manyan kalmomi ya miƙa. Amma idan 'yan ajinsu ne za su karanta, dole ya taka a hankali, domin wanda zai ƙaryata shi ɗaki ɗaya suke kwana, kuma da shi aka yi abin.

Kafin kowa ya rubuta komai, sai mun feɗe labarin wani tukuna. Nakan raba musu labari guda a takarda da biro kala uku. Kore ga abin da ɗan jaridar ya gani da idonsa ko ya riƙe takardarsa a hannu. Shuɗi ga maganar da aka jingina wa wani mutum da sunansa da muƙaminsa. Ja kuwa ga duk abin da ba shi da uba: "majiya mai tushe", "rahotanni sun nuna", "masana na ganin". Na taɓa ganin wata yarinya ta ɗaga takardarta ta yi jawur, tana dariya, wai labarin da ta tura wa mahaifiyarta da safe ke nan. Daga ranar ba ta sake karanta labari ba tare da tambayar wa ya faɗa ba.

Sai batun shafukan intanet. A 2017 Sam Wineburg da Sarah McGrew na Jami'ar Stanford sun gwada ƙwararrun masu tantance labarai da malaman tarihi da ɗaliban jami'ar, suka ba su shafuka su auna sahihancinsu. Ɗaliban da yawancin malaman sun tsaya cikin shafin suna duba kyan tambari da tsarin rubutu, aka yaudari da yawansu. Masu tantancewar kuwa ba su daɗe ba suka fice, suka je neman abin da wasu ke faɗa game da mai shafin. Wannan ɗabi'a ce da za a iya koya wa ɗalibi a zama ɗaya, da waya kawai. Kuma akwai dalilin gaggawa: binciken da masana na jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa a mujallar Science a 2018 ya nuna labarin ƙarya a Twitter ya fi na gaskiya samun masu yaɗa shi da kashi 70 cikin ɗari.

A wajen rubutu, yaƙina kullum da jimlar farko ne. Ɗalibi zai je taro ya dawo ya rubuta: "A ranar Talata an gudanar da gagarumin taro wanda ya samu halartar manyan baƙi." Sai in ce masa, to, da ka fito abokinka ya tare ka a bakin ƙofa, me ka gaya masa? Sai ya ce, "Ai daga zango mai zuwa ƙarfe goma za a riƙa rufe laburare." Labarin ke nan, ya binne shi a sakin layi na shida. Wa, me, ina, yaushe, ta yaya, don me: mafi nauyi a sama, sauran su biyo, ta yadda ko an yanke ƙarshen ba a yi asara ba. (Mu ma a gida mun san wannan ciwo, inda ake jero sunayen manyan baƙi har lokaci ya ƙare ba a faɗi abin da aka yanke ba.)

Editocin da ke duba labaran kafin a fitar ma ɗalibai ne. Suna duba haruffan kowane suna, su kira wanda aka ambata su ji ko haka ya faɗa, kuma ba a fitar da zargi sai an nemi jin ta bakin wanda ake zargi, an rubuta abin da ya ce ko ƙin maganar da ya yi.

Kada a raina inda wannan yake kaiwa. A ƙarshen 2022 Theo Baker, ɗan shekarar farko, ya fara rubutu a jaridar ɗalibai ta Stanford Daily kan hotunan da ake shakku a kansu cikin binciken kimiyya mai ɗauke da sunan shugaban jami'ar, Marc Tessier-Lavigne. Kwamitin da aka kafa bai same shi da ƙirƙirar sakamako da hannunsa ba, amma ya gano an taɓa bayanai a wasu takardun kuma bai tsaya an gyara yadda ya kamata ba. A Yulin 2023 ya sanar da murabus.

Na san abin da za ku ce: nan ba can ba ne, babu kuɗin ɗab'i, kuma hukumar makaranta ba ta son tone-tone. Na farkon mai sauƙi ne, allon sanarwa da zauren WhatsApp na sashe sun isa a fara. Na biyun gaskiya ne, shi ya sa malami zai tsaya gaba, ya karanta kafin a fitar, ya amsa kira idan an yi. A fara da ruwan hostel da jinkirin sakamako, ba sai da shugaban makaranta ba. A Najeriya kuma akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukumar gwamnati kwana 7 ta amsa buƙata a rubuce. Ku sa ɗalibai su rubuta irin wannan wasiƙa ko da sau ɗaya, su ga yadda take kaya.

Sharaɗi ɗaya nake roƙon kada ku sassauta: idan an yi kuskure, gyaran ya fito a wurin da labarin ya fito, da kwanan wata, da hannun ɗalibin da ya rubuta.

A gaida ɗalibai.

Ɗan uwanku a Amurka.