Asabar: Ranar da Na Rufe Akwatin Lasifika

Tun da hantsi na shimfiɗa tabarma a zaure, na jera allunan da kafintan unguwarmu ya yanka mini jiya, kowanne mai kaurin milimita 18. Cikin akwatin santimita 17 ne a faɗi, 18 a zurfi, 28 a tsawo, wato kimanin lita takwas da rabi. Ba da ka na zaɓi wannan awo ba. Na bi lissafin da Neville Thiele, injiniyan Ostareliya, ya wallafa a 1961, wanda Richard Small ya faɗaɗa a farkon shekarun 1970, domin shi ne yake nuna yawan iskar da ta dace da kowace sifika.

Sifikokin biyu na sayo su ne a kasuwar Sabon Gari: babba mai inci 5 don sauti mai kauri, da ƙarama mai inci 1 don siririn sauti, kowace mai om 8 (ma'aunin turjiyarta ga wutar lantarki). Na raba musu aiki a kan haz 3,000, wato kaɗawar sauti sau 3,000 a daƙiƙa: abin da ke ƙasa da haka na babbar, na sama kuma na ƙaramar. Kafasita (wata 'yar na'urar lantarki) mai maikurofarad 6.8 ce take tsare ƙaramar daga rugugin da zai iya ƙona ta, koyil (naɗaɗɗiyar waya) mai milihenri 0.42 kuma yake tare wa babbar siririn sautin da ya fi ƙarfinta. Koyil ɗin da hannuna na naɗa shi, da wayar tagulla da na samu wurin wani mai gyaran fanka, ina naɗawa ina aunawa da mitar da na aro. Na kusanta ramukan da sifikokin biyu za su zauna gwargwadon iko, saboda tsawon igiyar sauti a inda na raba musu aikin bai wuce santimita 11 da 'yan kai ba, kuma idan aka nisanta su, muryar mutum ɗaya sai ta zama kamar daga wuri biyu take fitowa.

Bayan la'asar na liƙe wayoyi da dalma, na cusa auduga, na ɗaure sukurori, na kunna kiɗan kalangu. Raina ya ɓaci, domin kaurin sautin ya fito a sake, ba shi da gindi. Na danna fatar babbar sifikar da yatsu a hankali, sai ta dawo nan take, alhali a rufaffen akwati kamata ya yi ta dawo sannu a hankali. Na kanga kunne ta baya ina dannawa, sai na ji huci yana fita ta ƙaramar hudar da wayoyi suka bi, wadda da ƙyar tsinken ashana zai shige ta.

Na toshe ta da gam, na haƙura har bayan isha'i ya bushe. Da na sake kunnawa, kowane bugu ya tsaya da ƙafarsa, har ina jin lokacin da makaɗin yake matse tsarkiya a hammata sauti ya hau. Allunan akwati na biyu suna jingine a bango, kuma gobe hudar wayar zan fara toshewa kafin na taɓa sukuru ko ɗaya.