Mako guda a Dubai da Abu Dabi: inda na yi tuntuɓe

Ƙannena, maza da mata, a 'yan kwanakin nan mutum uku daga cikinku sun zo neman shawarata kan tafiyar mako guda zuwa Dubai, kuma kowannensu da kuɗin tikiti ya fara tambaya. Ni ma da wannan tambayar na fara a zuwana na farko, ita ce kuma ta kai ni ta baro.

Araha ce ta zaɓa mini wata. Na ga kuɗin jirgi da na otal sun faɗi a Agusta, sai na ce a raina, wanda ya sha ranar Afrilu a Kano da azumi a bakinsa, wace rana ce kuma za ta ba shi tsoro? Ashe zafin can ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, ka shiga inuwar darbejiya gumi ya bushe ka dawo hayyacinka. Dubai da Abu Dabi kuwa a gaɓar teku suke, hamada a baya, ruwa a gaba, iskar bazararsu cike da tururi. Ma'aunin zafi yana haura 40, wani lokaci ya wuce 45, dare ma ba ya kawo sauƙi. Kana fitowa daga ɗaki mai na'urar sanyi, tabarau ɗinka zai yi hazo. Gwamnatin ƙasar, wato Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da kanta ta hana leburori aiki a rana daga ƙarfe 12:30 zuwa 3 na yamma, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba na kowace shekara. A daidai wannan lokacin da doka ta ce ma'aikaci ya huta, ni na sauka daga jirgin ƙasa na kama hanya a ƙafa zuwa wata kasuwa da na gani kusa a taswirar waya. Ban yi minti ashirin ba jiri ya ɗebe ni. Wani masallaci na samu na zauna, wani bawan Allah ɗan Pakistan ya miƙo mini ruwa. Washegari a kwance na wuni da ciwon kai, kwana ɗaya cikin bakwai ya tafi. In kuna da zaɓi, ku je tsakanin Nuwamba da Maris. Kuɗin ya fi yawa, amma a lokacin ne mutum zai taka garin da ƙafarsa ya gan shi.

Kuskure na biyu ya fi cin kuɗi. Mu a nan da mun ce ƙasar Larabawa sai mu ɗauka gida ɗaya ne mai ɗakuna da yawa. Na tsara cewa zan yi kwana uku a Dubai, ɗaya a Abu Dabi, in tsallaka Maskat ta ƙasar Oman in yi biyu, in dawo Dubai in hau jirgin gida. Har tikitin Maskat na saya tun ina Kano. Sai a kwana na uku, ina hira da mai karɓar baƙi a otal, ya duba takardata ya nuna mini cewa bizata ta shiga sau ɗaya ce. Ranar da na fita daga ƙasar, bizar ta mutu, ba ni da hanyar dawowa in hau jirgina. Ga shi Oman ma tana da tata bizar daban, wadda ban nema ba. Ejan ɗin da ya yi mini takarda bai faɗa mini ba, ni kuma ban tambaya ba, ban ma karanta ba. Kuɗin tikitin nan har yau ban gan shi ba.

Dubai da Abu Dabi da Sharja duk masarautu ne cikin bakwai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, biza ɗaya ta isa. Amma Doha ƙasar Katar ce, Maskat ƙasar Oman, Riyad da Jidda Saudiyya, kowacce da ƙofarta da kuɗinta da sharaɗinta. Mai mako guda ya riƙe ƙasa ɗaya, taura biyu ba ta taunuwa. Ku kuma sani cewa ƙofar ita Haɗaɗɗiyar Daular tana buɗewa tana rufewa ga mai fasfon Najeriya. An dakatar da ba mu biza a Oktoban 2022, ba a sake buɗewa ba sai Yulin 2024, kuma bayan buɗewar an ci gaba da gindaya sharuɗɗa kan shekarun mai nema da takardar banki. Abin da yayanku ya yi shekara biyar da suka wuce ba hujja ba ne a yau. Biza tukuna, sannan tikiti da otal, ko kuma ku sayi irin wanda ake mayar da kuɗi in an fasa. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla. Wanda ya zarce kwanakin bizarsa tarar dirhami 50 ake yi masa a kowace rana. Magani kuma ku kula da shi ƙwarai: irin su tiramadol da duk mai kodin a ciki, shiga da su ba tare da takardar likita da izinin hukuma ba yana iya kai mutum gidan yari. Kada kuma ku karɓi ƙullin kowa ku kai wa wani ba ku buɗe kun gani da idonku ba, ko da daga hannun ɗan'uwa ya fito.

Sai lissafin kwanaki. Na rubuta bakwai a takarda, na raba wa kowace rana wurare uku huɗu. Amma mai tashi daga Kano yakan yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, ya kwana a kujera, ya sauka da asuba, agogon can kuma yana gaban namu da awa uku. Otal ba zai ba ka ɗaki ba sai wajen azahar. Ranar farko ta tafi ke nan, ta ƙarshe kuma ta ɗaurin kaya ce da filin jirgi. Kwana biyar gare ka. Sannan Dubai doguwa ce, ta miƙe a gefen teku kamar igiya, daga Deira zuwa Marina kusan awa guda ne a jirgin ƙasa. Ni da safe ina wannan ƙarshen, da rana ina wancan, da yamma na dawo, rabin tafiyata a cikin tarago ta ƙare. Ku ba kowace rana unguwa ɗaya. Jirgin nan, wanda aka buɗe a 2009, shi ne abokin mai ƙaramin ƙarfi. Ku sayi katin Nol tun a filin jirgi, da shi ake biyan jirgi da bas. Akwai taragon mata da yara, namiji ya shiga tara ce, ci da sha a ciki ma tara ce. Tsallaka titi ba a inda aka tanada ba dirhami 400 ne, kuma da gaske suke yi.

Amma abin da ya fi cinye mini mako, wanda na fi so ku ji da kunnen basira, shi ne sautu. Da labari ya bazu cewa zan tafi, sai gida ya cika. Goggo tana son turare, matar yayana abaya mai irin ɗinkin da ta gani a hoto, abokin aiki waya, maƙwabciya 'yan kunnen gwal. Na tashi da sunan mutum goma sha huɗu a takarda, wasu sun ba da kuɗi, wasu sun ce in saya in na dawo za su biya. Kunya ta hana ni cewa a'a. Kwana biyu da rabi na yi ina zagaye a Deira, daga kasuwar Naif zuwa kasuwar gwal, ina ɗaukar hoton kaya ina aikawa gida ina jiran a ce wannan ne ko ba shi ba ne. Ban san cewa gwal ana sayar da shi ne da giram a kan farashin ranar, wanda kowane shago ya sani kuma ba ya motsi, ciniki a kan kuɗin ƙira kawai ake yi. Na ɓata bakina ina taya abin da ba a tayawa. Da yawa daga sauran kayan kuwa daga Sin aka kawo su, irinsu na nan jibge a Kantin Kwari da Sabon Gari, in ka haɗa da kuɗin kilo da na biya a filin jirgi babu wata riba. Na dawo, wata ta ce launin bai yi ba, wani har yau bai cika mini kuɗina ba.

'Yan kasuwarmu da ke zuwa Dubai sari sun san aikinsu. Suna da shagunan da suka saba da su, da masu kago da ke tura musu kaya, ba yawon buɗe ido ya kai su ba. Kai ma ka tsayar wa kanka tun a gida: fatauci za ka ko ganin gari? In ganin gari ne, ka faɗa wa mutane da ladabi cewa kilo ba zai bari ba, ka ware yamma ɗaya tak domin tsaraba. Dabino da turaren wuta da ɗan zanen salla sun isa su faranta ran iyaye.

Abu Dabi na ba ta wuni ɗaya, na kuma zaɓi Litinin ba tare da na duba ba. Tafiyar kilomita wajen 140 ce, bas yana tashi daga tashar Al Ghubaiba ko ta Ibn Battuta a kan dirhami 25, ya yi kusan awa biyu. Na isa gidan tarihin Louvre da ke tsibirin Saadiyat na tarar da ƙofa a rufe, domin ba ya buɗewa ran Litinin. Daga nan na ruga Masallacin Sheikh Zayed, mai ƙubbobi 82, wanda ke ɗaukar masallata sama da 40,000. Abin da ke damuna har yanzu shi ne yadda na shige shi. Waya a hannu, ina neman inda hoto zai fi kyau, ina duba agogo saboda bas. Na fito daga ɗakin Allah ban zauna ko na minti biyar ba. Shiga kyauta ne, ana yin rajista ta intanet tukuna, kuma ran Juma'a ba a karɓar masu ziyara a lokacin sallar Juma'a. Ku kwana ɗaya a Abu Dabi, ku je masallacin da la'asar sakaliya ku tsaya har magariba. Ku tuna kuma tun Janairun 2022 hutun mako a can ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a rabin wuni ake aiki a ma'aikatun gwamnati, sai Sharja da ke hutun Juma'ar gaba ɗaya.

Kan kuɗi, dirhami a ɗaure yake da dala, 3.67 a kan dala ɗaya, don haka da dala za ku yi lissafi, ba da naira ba. Farashin otal da kuka gani a intanet ba shi ke nan ba. A Dubai akwai harajin baƙi na dirhami 7 zuwa 20 a kowane dare gwargwadon darajar otal, wasu kuma su riƙe kuɗin ajiya sai ranar fita. Ku tabbatar katinku na banki yana aiki a waje kafin ku tashi, ku riƙe tsaba a hannu. Abinci bai kai yadda ake tsoro ba in kun ci inda ma'aikata ke ci, shinkafar biriyani a Deira da shayin karak mai araha. Na yi wa Hajiyarmu alkawarin kiranta ta WhatsApp da na sauka, ban san kiran murya ta nan a toshe yake a ƙasar ba, sai saƙo kawai. Ita kuwa ba ta karatun saƙo. Ta kwana ba ta runtsa ba. Ku sauke manhajar Botim, wadda kira da ita ke shiga a can, a wayarku da ta mutanen gida tun kafin tafiya. Kada kuma ku ɗauki hoton mutane, musamman mata, ba da izininsu ba, laifi ne a dokarsu.

Na koma karo na biyu a watan Janairu, babu takardar sautu, a lokacin ne na ga ƙasar. Na hau benen Burj Khalifa mai tsawon mita 828, na sayi tikiti tun da wuri na kauce wa lokacin faɗuwar rana da kuɗin ke tashi. Yana da kyau, awa ɗaya ta ishe shi. Abin da ya zauna mini a rai yana ƙasa. Na biya dirhami ɗaya na hau abra, kwalekwalen katako da ke tsallaka mashigin ruwa daga Deira zuwa Bur Dubai, na shiga tsohuwar unguwar Al Fahidi. Lunguna ne matsattsu, bango mai kauri, inuwa ko'ina, sai na ji kamar ina cikin birni a Kano. A kan gidajen akwai hasumiyar iska da suke kira barjil, mai buɗe ta fuska huɗu, tana kamo iska ta sauke ta cikin ɗaki. Da ita kakanninsu suka yi maganin zafin da ya kwantar da ni. Mutanen nan a da masu nutson lu'ulu'u ne da fatauci, kasuwar lu'ulu'un ta karye a shekarun 1930, ba a sami mai a Dubai ba sai 1966, ƙasar kanta sai 2 ga Disamba 1971 aka kafa ta. Akwai dattawa da ransu da suka ga duk wannan.

Rana ta biyar na ba Al Ain, garin da Sheikh Zayed ya yi mulki kafin ya zama sarkin Abu Dabi, tafiyar kamar awa biyu cikin hamada. A tsakiyar garin akwai dausayi mai itatuwan dabino sama da 140,000, ana shayar da su ta falaj, magudanar ruwa da aka haƙa tun zamanin da, tana jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa ta raba shi gona gona. Na bi magudanar a hankali har na gaji, na zauna a gindin dabino ina jin ƙarar ruwa, ban tashi ba sai da aka kira la'asar.