Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, jiya da safe jirgin ƙasa ya sauke mu a Ngaundere bayan wata biyu a Yawunde, kuma Baba da ƙafarsa ya taka daga tasha zuwa mota. An yanke ɓangaren babban hanjin da ciwon daji ya kama, an haɗe sauran. Har ya fara shan kunu da romo.

Kawu, bijimai biyun da ka sayar ba tare da ka yi shawara da kowa ba, Allah ya mayar maka da ninkinsu. Matan adashin unguwarmu da suka bar wa Inna ɗauka alhali ba layinta ba ne, samarin da suka ba da jini, da Gwaggo a unguwar Briqueterie ta Yawunde wadda ta riƙa aiko mana da abinci a kula kullum, Allah ya saka muku da alheri.

Akwai kuma likitar da ba zan manta da ita ba. Shekara da shekaru Baba yana ganin jini a bayan gida, muna cewa basir ne, ana ta jiƙe-jiƙe. Ashe kumburi ne ya daɗe yana cin bangon hanjin. Da na tambaye ta yadda kumburi ke komawa daji, sai ta juya bayan takardar magani ta zana mini. A fatar kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wani irin maiƙo, mai ƙiba da siriri duk suna da shi. Wani sinadari da ake kira COX-2 ne ke sarrafa maiƙon nan ya zama abin da ke tayar da kumburi da raɗaɗi. In rauni ya warke, sai ya lafa. In kuwa kumburin ya ƙi tafiya, sinadarin ba ya hutawa: ƙwayoyin hanji su yi ta hayayyafa, sababbin jijiyoyin jini su tsiro suna ciyar da su, sojojin jiki su yi sanyi. Shi ya sa ake samun sinadarin da yawa a galibin dajin babban hanji. Takardar tana cikin jakata har yanzu.

Ta ce asfirin na toshe irin wannan sinadari, kuma John Vane, wani masani ɗan Ingila, ya gano yadda asfirin ke aiki a 1971, aka ba shi kyautar Nobel a 1982. Nan take na ce to bari in sayo. Sai ta riƙe hannuna, ta ce a'a 'yata, ga mai gyambo a hanji asfirin da ire-irensa na kan tebur suna iya ƙara zubar jini, likita kaɗai ke yanke wannan hukunci. Abin da ya fi taɓa ni shi ne da ta ce wanda ya shekara 8 da irin wannan kumburi ya kamata a fara leƙa hanjinsa da na'ura mai kyamara. Baba ya haura 10 ba a taɓa leƙawa ba. Na fita waje na yi kuka.

Yaya, ka cika 40, ta ce kai ma lokacin gwajinka ya yi, don Allah kada ka ja. Masu zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi, don da safe ake wanke masa ɗinki. Muna roƙon addu'arku, wata mai zuwa za mu koma a fara ƙarin ruwan maganin daji.