Wasan labari: a sa shi ya riƙa tuna abin da ɗan wasa ya yi

Matasan Jos da ke son haɗa wasan labari, na waya ko na kwamfuta, yawanci wuri ɗaya suke tuntuɓe: suna son kowane zaɓi ya buɗe sabuwar hanya. A yi lissafi mana. In ka ba ɗan wasa zaɓi biyu sau 10 a jere, kowanne yana raba labarin, ƙarshe 1,024 ke jiranka ka rubuta. Nan aikin ke mutuwa.

Abin da ke aiki shi ne hanyoyin su rabu su sake haɗewa, amma wasan ya riƙe abin da aka yi. A ce jaruminka ya yi lodin dankalin turawa daga Bokkos zai kai kasuwar Farin Gada. Direba ya nemi rancen kuɗin mai. A Twine, manhajar haɗa wasan labari wadda kyauta ce, sai ka ajiye lamba mai suna amana, ta fara daga 0. Ya ba da rancen, ƙara 1. Ya hana, rage 1. Ko ta yaya motar za ta lalace da dare a wajen Barkin Ladi, fage ɗaya ka rubuta ke nan. Sai dai in amana ta haura 0, direban ya cire rigar sanyinsa ya miƙa masa; in ta yi ƙasa, ya shige gaban mota ya ja ƙofa ya bar shi da hunturu. Layi biyu kacal ka ƙara, amma mai wasa zai ji a jikinsa cewa shi ya jawo.

Kada sakamakon farko ya daɗe bai bayyana ba. Mai wasa ya ga alama cikin mintunan farko, ko da sauyin gaisuwa ne, daga "sannu da aiki, ɗan'uwa" zuwa "sannu" a bushe. Babban sakamako kuma a ajiye shi can gaba, amma lallai ya zo. Mass Effect 3, kashi na uku na wani wasan kwamfuta, ya sha suka a 2012 don mutane sun ga ƙarshensa bai damu da zaɓin da suka yi ta yi tun wasan farko ba, har BioWare, kamfanin da ya haɗa shi, ya fitar da ƙarin bayani a kansa a shekarar.

Rubutun maɓalli kuma ya dace da abin da jarumi zai furta. Mutum ya danna "ƙi", jarumi ya ɓuge da zagi, to daga nan ya daina yarda da kai.

Ga batun wuta da caji, wanda ba sai an faɗa wa ɗan Jos ba: wasan ya adana kansa bayan kowane zaɓi.

Wajen gwaji, miƙa wa mutum biyar wayar ɗaya bayan ɗaya, ka yi shiru, ka zuba wa babban yatsansu ido. Inda ya fara dannawa da sauri ba karatu, rubutun ya yi yawa, rage shi. Inda yatsan ya tsaya a sama yana shawara, wannan fagen kada ka taɓa shi.