Karen da ke jan ƙafar baya: kada a ce ya kwanta ya huta

Kunne ne ke fara kama alamar. Za ka ji faratan ƙafar baya suna gogar ƙasa idan yana tafiya, in ka ɗaga ƙafar kuma ka tarar faratai biyun tsakiya sun cinye ta sama. Sai ƙugu ya soma tangaɗi, ƙafafu suna harɗewa wajen juyawa. Duk wanda ya gani cewa yake tsufa ne, sanyin ƙashi ne, a ba shi maganin ciwo a bar shi ya kwanta. Haka aka ce a kan karena, haka aka yi, kuma har yau shawarar hutun nan tana ci mini rai.

Lalacewar lakar ƙashin baya ce, wadda likitocin dabbobi ke kira degenerative myelopathy, DM a taƙaice. Jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙafafun baya ne ke mutuwa sannu a hankali, galibi daga shekara 8 zuwa sama. A jikin karnuka nau'in German Shepherd aka fara bayyana ta a 1973, tana kuma yawan kama nau'in Boxer da Corgi. A 2009 aka danganta ta da tangarɗa a ƙwayar gado ta SOD1. Ba ta da magani, kuma ba ta sa zafi. Ka naɗe tafin ƙafarsa ka ɗora bayanta a ƙasa: lafiyayyen kare nan take zai gyara, mai DM sai ya tsaya a haka, bai ma san inda ƙafar take ba. Gwajin ƙwayoyin gado (DNA) haɗarin kamuwa kawai yake nunawa. Hoton MRI ne ke kawar da zargin faifan ƙashin baya da ya danne laka, wanda shi ana iya yi masa aiki. Karen da ke ihu idan an taɓa bayansa, a nemi wani dalilin.

Abin da hutu ke yi shi ne cinye tsoka. Jijiya tana raguwa, tsokar cinya ce ke riƙe da sauran tafiyar, kuma wadda ta zube a makonnin kwanciya ban ga ta dawo ba. Wani ƙaramin bincike na 2006 a Suwizalan ya nuna karnukan da aka yi wa gashi da motsa jiki sosai sun rayu kwana 255 a matsakaici, waɗanda ba a yi wa ba kwana 55. Da na ga wannan tazarar na daɗe ban ce komai ba.

Tafiya gajera, minti 5 zuwa 10, sau uku ko huɗu a rana, a kan ciyawa ko yashi, ta fi doguwa guda ɗaya. Ka sa shi ya zauna ya tashi sau biyar. Idan ya kwanta ta gefe, ka lanƙwasa kowace gaɓa ta ƙafar baya ka miƙe ta a hankali, sau 10 zuwa 15. Iyo yana taimakawa matuƙa, muddin hannunka na ƙarƙashin cikinsa. Da ƙafa ta fara karkarwa, ka tsaya. Gajiyar da ta wuce kima kan kwantar da shi washegari.

Tayil mai santsi a shimfiɗa masa darduma mai roba a ƙasa. Tawul a ƙarƙashin mara yana ɗaga ƙugu na ɗan lokaci, amma yana matse mafitsara, yana kuma karya maka baya, gara ɗamara mai mariƙi. Takalmin kare yana kare bayan yatsu daga gurjewa, sai dai a cire shi da an dawo, don danshi na ruɓar da fata. Kowane dare ka buɗe gashin saman yatsun ka duba. Ba zai yi kuka ba ko da naman ya fito.

Keken kare a nemo shi tun ƙafafun gaba suna da ƙarfi. Mutane na jira sai ya durƙushe, alhali keken shi ne ke ba shi damar ci gaba da motsi. A fara da mintuna kaɗan, kada a bar shi ciki ba kowa, domin ba ya iya kwanciya a cikinsa. A rage masa ƙiba kuma.

Yawancinsu cikin wata 6 zuwa 12 ƙafafun baya ke daina ɗaukarsu. Daga nan sai katifa mai laushi, juyi kowane awa 4 zuwa 6 saboda gyambon kwanciya a ƙugu da gwiwar hannu, da matse mafitsara sau uku ko huɗu a rana, wanda dole likita ya koya maka da hannunsa. Fitsari mai wari ko duhu alamar ƙwayoyin cuta ce, a kai gwaji. A aske gashin cinya, a wanke, a busar, a shafa man kariya. Ko a wannan matakin ban daina motsa masa gaɓoɓi ba. Idan rauni ya kai ƙafafun gaba, haɗiya da numfashi ne ke biye, don haka ka zauna da likita ku tsayar da iyakar da za a tsaya tun kafin a kai can.