Abin da na gani da nake ma'ajin kulob ɗin taimako a sakandare

A duk kulob ɗin makaranta akwai kujerar da kowa ke zillewa, ita ce ta ma'aji. Shugaba shi ke riƙe makirfo a asambili ana masa tafi, sakatare kuma ana yabon rubutunsa, amma ma'aji ba shi da komai sai lissafi da zargi. To ni ita ta faɗo mini a kulob ɗinmu na Interact ina ajin kusa da na ƙarshe, ba wani zaɓe mai zafi aka yi ba, malamar da ke kula da mu ce kawai ta dube ni ta ce "kai da ba ka cika surutu ba, riƙe mana wannan", sai ga littafi mai bangon kwali da ɗan akwatin ƙarfe mai kwaɗo a hannuna.

Ga wanda bai sani ba, Interact reshen yara ne na ƙungiyar Rotary, na 'yan shekara 12 zuwa 18, an soma shi a 1962 a wata sakandare a jihar Florida ta Amurka. Kowane kulob yana da kulob ɗin manya na Rotary da ke tsaya masa, kuma ƙa'idar ita ce a shekara a yi aƙalla aiki biyu, ɗaya don makaranta ko mutanen da ke kewaye da ita, ɗaya kuma wanda ya taɓo duniya baki ɗaya. Ba shi kaɗai ba ne fa, akwai Key Club na ƙungiyar Kiwanis da ya girme shi nesa ba kusa ba, tun 1925 a Kalifoniya, akwai Leo na ƙungiyar Lions tun 1957, ga kuma na Red Cross da kusan kowa ya sani. Sunaye da baj ne suka bambanta, amma rigimar da ake yi a miting duk iri ɗaya ce, waye zai zo, waye ya ce zai zo bai zo ba, kuma ina kuɗin.

Abu na farko da na yi shi ne karanta littafin tun daga shafin farko, don 'yan shekarun da suka gabace mu duk a ciki suka rubuta. Nan na ci karo da wani biki da wani sahu suka shirya, wanda har lokacinmu ana labarinsa a makaranta, wai an cika zaure, an yi wasan kwaikwayo, an tara kuɗi mai yawa. E, an tara, shafin shiga ya cika fam. Amma da na juya shafin fita sai ga hayar zaure, hayar sifika, buga katin gayyata, ado, mai, kujeru, kai har da kuɗin ɗaukar kujerun a mayar, da na cire wannan daga wancan abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Su kuwa masu sayen tikiti sun koma gida da tunanin duk kuɗinsu ya tafi wajen mabuƙata. Ba sata aka yi ba wallahi, risit ɗin komai yana nan a liƙe, kawai dai hayaniyar ce ta cinye sadakar. Daga ranar duk wanda ya kawo shawara a miting tambayata ɗaya ce, nawa za mu kashe kafin mu samu? Har aka fara ce mini mai kashe wa mutane gwiwa.

Abin da ya fi kawo mana kuɗi kuwa abu ne da ba shi da wani kwarjini, wankin mota ranar taron iyaye da malamai. Bokiti na gida, soso na gida, sabulu wani daga cikin iyaye ya ba mu kyauta, ruwa na famfon makaranta da izinin firinsifal, ka ga kusan duk abin da ya shigo riba ce. Ba mu yanka farashi ba, mun ce kowa ya ba da abin da ya ga dama, kuma abin mamaki hakan ya fi, don mutum in ya ga ɗansa ko ɗan maƙwabcinsa ya naɗe wando yana goge taya, kumfa har gwiwar hannu, kunya ba za ta bar shi ya miƙo ɗan abu kaɗan ba. Akwai malaminmu na lissafi da ya zagaye motarsa sau ba adadi yana sa yatsa a ƙasan madubi yana dubawa, ya sa aka sake wanke gilashin baya, muna ta ƙunƙuni, ƙarshe shi ya fi kowa bayarwa. Sai wasan ƙwallo na malamai da ɗalibai, wannan kam ba ka buƙatar talla, kowa yana so ya ga an yanke malamin horo ya faɗi. Tikitin da hannu muka yi shi amma kowanne da lamba, da ɓarin da ke zama wajena, don in an sayar da lamba 1 zuwa kaza dole kuɗin akwati ya yi daidai da kaza, babu "ai ya faɗi".

Aikinmu na duniya kuma shan inna muka ɗauka, tunda Rotary ta daɗe a kansa, tun 1985 ta ƙaddamar da shirinta na PolioPlus, sannan a 1988 aka haɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da sauransu aka sa gaba a kawar da cutar gaba ɗaya. A wancan lokacin ana ƙiyasin yara kusan 350,000 take kamawa duk shekara a ƙasashe 125, yanzu ta ragu da fiye da kashi 99 cikin ɗari, a 2020 ma aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, wadda ake kira ta daji, saura Afganistan da Pakistan. Ranar 24 ga Oktoba ce ranar foliyo, wato shan inna, ta duniya, sai muka yi abin da kulob-kulob da yawa ke yi, ka saka abin da ka samu a akwati mu shafa maka tawada shunayya a farcen ƙaramin yatsa, irin alamar da masu rigakafi ke yi wa yaron da aka ɗiga wa magani. Kai jama'a, kafin a tashi tara rabin makaranta na yawo da yatsa shunayya, wanda ba shi da ita shi ake tambaya. Abin da ya fi jan manya kuwa shi ne da muka gaya musu gidauniyar Gates na ƙara dala biyu a kan kowace dala ɗaya da Rotary ta tara don foliyo, har zuwa wani adadi a shekara, mutum in ya ji ɗayansa zai zama uku sai ka ga ya sake sa hannu a aljihu.

A kan wannan kuɗin ne muka yi rigimar da ta fi kowace zafi. Shugabanmu, abokina ne fa sosai, ya zo ya ce a ara daga kuɗin foliyo a buga mana riguna masu tambarin kulob, in mambobi sun biya sai a mayar. Na ce a'a. Ya ce "haba ma'aji, aro ne fa ba ci ba", na ce wanda ya saka kuɗinsa don a ɗiga wa yaro magani bai saka don rigarka ba, in riga muke so mu fito mu ce riga muke so. Muka kwana biyu ba ma magana. Da maganar ta kai wajen malama ba ta yi dogon wa'azi ba, cewa ta yi "kuɗin da aka karɓa da suna, da sunan zai fita", ta ci gaba da makin takardunta. Riguna dai sai zangon gaba muka same su, kowa da kuɗinsa.

Tsarin da muka bi mai sauƙi ne amma ba ma tsallake shi. Ba na ƙirga kuɗi ni kaɗai, ko da kuwa ɗan canji ne, sai da mutum na biyu, mu ƙirga mu rubuta mu sa hannu mu biyu, malama ta sa na uku, kuma ranar a kai ofishin kuɗi na makaranta a karɓo risit, kuɗin kulob ba ya kwana a jakar ɗalibi. Wannan ba don ana zargin kowa ba ne, kariya ce gare ni, don ranar da wani zai ce ma'aji ya sayi sabon takalmi, littafi ne zai amsa ba ni ba. Bayan kowane aiki kuma sai in rubuta a babbar takarda in liƙa a allon sanarwa, ga abin da ya shigo, ga abin da aka kashe, ga inda sauran ya tafi, ga kwafin risit. Da farko mambobi suna ganin ɓata lokaci ne, wa zai tsaya karanta lissafi? Ashe ana karantawa. Wani uba ya tsaya a gaban allon da tabarau a kan hanci yana bi layi-layi da yatsa, da ya gama ya tambayi wa ya rubuta, aka nuna ni, ya ce "yaro, in za ku sake yin wani abu ku aiko mini". Kuma ya cika.

Ɓangaren aikin hannu kuwa, gidan marayu muka zaɓa, kuma kamar kowa tunaninmu ya tafi kan tara tsofaffin kaya. Malama ta ce kafin ku tara ko safa ɗaya ku je ku tambaya tukuna, da ɗan gari akan ci gari. Muka je mu kaɗan, mai kula da gidan, wata dattijuwa da kowa ke kira Mama, ta saurare mu har muka gama, sannan ta tashi ta buɗe mana wani ɗaki. Buhunan kaya ne har rufi, wasu ko kwance su ba a yi ba, rigunan manya, takalmi ƙafa ɗaya, kayan da ko mai su ya san sun gama yayi. Ta ce "'ya'yana, tufafi kam Allah ya hore, kowa shi yake kawowa. Ni abin da ba ni da shi wanda zai zauna da yaran nan su yi aikin gida, mu kaɗan ne, kafin a yi wa ƙananan wanka dare ya yi." Ta lissafa mana littattafan rubutu, fensir, sabulu, da ƙunzugun jarirai. Babu ɗaya a ciki da muka yi tunaninsa a miting.

Sai muka raba kanmu rukuni-rukuni, duk mako rukuni ɗaya zai je da yamma, da takardar izinin iyaye da malami ɗaya a tare, ba a tafiya mutum ɗaya. Ni wata yarinya aka haɗa ni da ita 'yar aji biyu, kaifin kai gare ta amma b da d sun hana ta sakat, ta rubuta "baba" ya fito "dada", ta duba ta san akwai matsala amma ta rasa ina, sai ta goge ta goge har takardar ta huje. Muka yi ta fama, na zana mata su manya a ƙasa tana bi da ƙafa, ranar da ta cika layi guda babu kuskure ta ɗauki littafin da gudu ta kai wa Mama, ko kallona ba ta yi ba. Wannan aikin ko sisi bai shiga littafina ba, amma shi ya fi wahalar riƙewa, don tara kuɗi rana ɗaya ce a yi a watse, wannan kuwa in ka ce za ka zo Laraba yaro yana bakin ƙofa ranar Laraba. Shi ya sa muka sa doka, in ba za ka iya zangon gaba ɗaya ba kada ka rubuta sunanka, ka tsaya a wankin mota, shi ma aiki ne.

Maganar hoto ma mun sha ta. Wasu suna so a ɗauka da yaran a sa a Facebook, wai masu bayarwa su ga shaida. Shaidar kam haƙƙinsu ce, ban musa ba, amma fuskar yaron da bai san me ake yi da ita ba ba risit ba ce, wata rana zai girma ya ga kansa riƙe da sabulu a intanet. Muka tsaya a kan a ɗauki kayan, a ɗauki takardar karɓa da Mama ta sa wa hannu, a ɗauke mu mu da muka yarda, yaran a ƙyale su.

Akwai kuma 'yan satifiket, waɗanda ba ka ganinsu sai ƙarshen shekara ta matso ana maganar takardar shaida da za a haɗa a fom ɗin neman jami'a ko tallafin karatu. Wasu mambobi suna jin haushinsu sosai. Ni dai ban ga abin haushi ba, bokitin da ɗan satifiket ya ɗauka ruwa ɗaya ne a ciki da na kowa, kuma na ga waɗanda suka zo don takarda suka ƙare su ne ba sa fashin zuwa gidan marayu. Abin da kawai na nace a kai shi ne rajistar halarta, a rubuta wa kowa awannin da ya yi na gaskiya, kada wanda ya zo sau ɗaya ya fita da takarda iri ɗaya da wanda ya yi shekara yana zuwa.

Abin da ke kashe irin waɗannan kulob ba rashin kuɗi ba ne, jarabawa ce da yaye ɗalibai. Da zarar 'yan ajin ƙarshe sun shiga karatun jarabawar fita sai komai ya tsaya cak, don duk su ke riƙe da muƙamai, su suka san wa ake kira, su suka san inda makulli yake. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun tsakiyar shekara na jawo wata yarinya daga ajin ƙasa ta zama ita ce mai ƙirga ta biyu, ta koyi rubuta risit, ta san hanyar ofishin kuɗi, na kai ta ta gaisa da Mama da mutanen Rotary da ke zuwa duba mu. A bayan littafin na rubuta mata sunayen iyayen da suka saba bayarwa da watannin da bai kamata a sa wani aiki ba saboda jarabawa.

Bayan na fita na ji labari sahunsu sun dawo da bikin zaure, irin wanda nake hana mutane. Amma ita ta je ta samo zauren kyauta, sifika ta aro, katin gayyata kuma ta WhatsApp aka tura, an ce abin da suka samu a dare ɗaya ya fi wankin motarmu da ƙwallonmu a haɗe. Da muka haɗu na tambaye ta nawa suka kashe kafin su samu, ta ce "Yaya, yana allon sanarwa, ka je ka karanta."