Asabar, mako na 6 da fara koyon goge

Yau na isa gidan Baba, mai koya mini goge, da misalin ƙarfe 9 na safe, na tarar ya jingine gogen da nake koyo da shi a bakin zaure inda hantsi yake duka. Bayan na gaishe shi na tambayi dalili, sai ya ce ruwan da aka kwana ana yi a Zariya ya sa fatar guzar da aka rufe kumbon da ita ta saki, kuma idan fata ta saki muryar goge takan dushe kamar ta mai mura. Sai da muka jira kusan rabin sa'a, yana ƙwanƙwasa fatar da ɗan yatsa lokaci-lokaci, kafin ya miƙo mini shi.

Na zo ne da zumuɗin nuna masa ɗan kiɗan da na yini jiya ina lalube da yatsun hagu, amma ko ja uku ban yi ba ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Ɗana, ajiye yatsun nan tukuna, yau izga kaɗai za ka ja." Izga ita ce ɗan bakan da ake gogawa a kan tsirkiyar goge. Raina bai so ba, domin a ganina na wuce wannan matsayi tun mako na biyu, sai dai ban iya yi masa musu ba.

Wanda bai taɓa riƙe goge ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi, tunda tsirkiya ɗaya ce tal. Amma tsagiyar nan gashin wutsiyar doki ne da yawa aka haɗa wuri guda, izgar ma gashin doki ce, saboda haka idan hannu ya danna fiye da kima sai sauti ya fito da ƙara kamar ana jan ƙyauren kwano, idan kuma ya yi sako-sako sai izgar ta zame ta bar wani siririn fito maras daɗi. Tsakanin waɗannan biyu akwai wani ɗan wuri da muryar take fitowa garau, kuma shi Baba yake so in samu, in riƙe shi daga farkon izga har ƙarshenta, in dawo ba tare da an ji inda na juya ba. A wurin juyawar nake faɗuwa kullum, don kafaɗata ce take yin aikin da ya kamata wuyan hannu ya yi.

Wajen ƙarfe 11 na ga izgar tana santsi, sai na ɗauki ƙaro na goga mata ba tare da na tambaya ba, na kuwa cika shi. Ja na farko ta kama tsagiyar ta finciko ta, jakin, wato ɗan itacen da yake ɗauke da ita a kan fata, ya goce gefe. Gabana ya faɗi, na zaci na huda fatar. Baba ya yi dariya har da tari, ya mayar da jakin wurinsa da babban yatsa, ya karkaɗe izgar a gwiwarsa, ya ce in ci gaba.

Daf da azahar, lokacin da na gaji har na daina ƙoƙarin burge shi, na ja sau huɗu a jere muryar ba ta karye ba. Na ji kumbon yana rawa a jikina, abin da ban taɓa lura da shi ba. Baba bai yaba ba, kai kawai ya gyaɗa, ya ɗauko ƙwarya ya fara buga mini a hankali domin jan nawa ya bi ta. A ja na biyar na ɗago kai in dube shi, nan take ƙarar ta dawo.

Da na koma gida Inna ta ji ƙamshin ƙaro a hannuna, ta sake maimaita maganar Kawu cewa goge kayan 'yan bori ne. Na ce mata ni waƙoƙin biki nake son koya, ta ce to, in dai ban bar karatu ba. Baba ya ba ni aron izgar zuwa Talata, ya ce in riƙa janta a kan damtsena na hagu kafin in kwanta, har wuyan hannun ya saba. Na yi sau 50 yanzu, kafaɗar kuma har yanzu tana ɗagawa.